Turmi Ɗaya da Zulema Mai Burodi

A garinmu Nogoyá, a ƙasar Ajantina, in aka ce Gwarzuwa ni ake nufi, kuma rabin masu faɗa da dariya a ciki suke faɗa. Na daɗe da daina jin haushi. Sunana Nilda Zanuttini. Na yi shekara goma sha ɗaya tanis ce sana'ata, matsayi mafi girma da na taɓa kaiwa a duniya kuwa shi ne ta ɗari da tamanin da wani abu. Mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, har ta koma ga Mahaliccinta tana gaya wa maƙwabta cewa mata ɗari da tamanin kacal suka fi 'yarta a doron ƙasa. Abin da ban taɓa gaya mata ba shi ne kusan dukkansu sai da na haɗu da su ɗaya bayan ɗaya, kowacce kuma ta nuna mini dalili.

An ci ni a Italiya, an ci ni a Brazil, an ci ni a wani ƙauyen Yugoslaviya da yanzu ƙasar ma babu ita. Na iya tambayar hanyar tashar jirgin ƙasa da harsuna da dama, domin wadda aka fitar daga gasa ranar Litinin ba ta da abin da za ta zauna yi har Lahadi. Na wanke safa a bahon otal-otal da ko sunansu ba na son tunawa. Sau ɗaya tak na samu shiga babbar gasar Paris, aka haɗa ni da wata doguwar Bajamushiya mai kafaɗu kamar ƙofar gareji. Na bar kofi a ɗakin canza kaya na fita fili, na dawo na tarar bai gama hucewa ba. Amma wani mai ɗaukar hoto ya kama ni ina zamiya a jar ƙasa kamar wadda ta san abin da take yi, hoton nan kuwa har yau yana rataye a kantin kulob ɗinmu, sama da firijin lemo. Da gwiwa ta ce ta gaji sai na dawo gida, na kama koya wa matan likitoci da matan masu gonar waken soya yadda ake riƙe raket.

Duk wannan da sauƙi da a ce babu Zulema Kranevitter a garin.

Tare muka tashi da ita, a fili guda muka koyi wasa, a hannun malami guda. Tun muna 'yan shekara tara har muka kai sha bakwai ban taɓa cin ta ba. Ba na nufin da ƙyar take ci na, ina nufin ko sau ɗaya. Gajera ce mai ƙwari, tana kwaɓa fulawa a gidan burodin babanta tun kafin zakara ya yi cara, saboda haka hannunta na dama ya zama irin na mai faskare. Shekarar da aka kira mu gwaji Buenos Aires mu biyu, sai babanta ya faɗi a gaban tanderu, rabin jikinsa ya shanye. Ita ce babba a gidan. Ta sa rigar aiki ta shiga gidan burodi, ni na hau mota. Tun daga nan mutanen gari suka samu maganar da ba ta tsufa: da Zulema ce ta tafi. Ba sa ƙarasawa, a nan suke barin ta, su kalli hotona su kurɓi lemo.

An ce inda babu ƙasa nan ake gardamar kokawa. Mu kuwa ga ƙasa ja jawur har fili huɗu, amma shekara talatin da dawowata ba mu taɓa karawa ni da ita ba. Bibbiyu muke bugawa, ni da ita gefe guda, mu lallasa matan garuruwan da ke kusa muna zagin juna tsakanin maki da maki. Tana ce mini Gwarzuwa, ina ce mata Buhun Fulawa. In ta ce mu gwada ɗaiɗai sai in ce gwiwa, ko in ɗaga hanci in ce ƙwararriya ba ta wasa da 'yan koyo. Tsoro nake ji, ba wani abu ba. Abu ɗaya nake da shi a garin nan, sunan wadda ta fi kowa, ban ga dalilin da zai sa in kai shi kasuwa a taya ba.

Bara aka gano ciwon daji a hanjinta. Aka yi mata aiki a asibitin birnin Paraná, aka ɗora ta a kan maganin nan mai zubar da gashi, hannun faskaren ya koma kamar sillen kara. Sai gari ya lulluɓe ta da kirki. Masu shiga sayen burodi suka koma magana ƙasa-ƙasa. Tsohuwar da ta yi shekara da shekaru tana ƙorafin an ƙona mata gefen burodi ta koma yabo. Da likita ya ce jikinta ba ya son ƙwayoyin cuta, kowa ya daina shan mate, shayin ganyenmu da ake zagayawa da shi, a ƙoƙo ɗaya da ita, aka saya mata nata ita kaɗai, a wurinmu kuwa wannan da kaɗan ya fi a ce maka bar gari. Ni ma ban tsira ba. Na ajiye Buhun Fulawa na koma ce mata Zulemita, da murya irin ta masu lallashin jariri. Ranar da na fara faɗa ta dube ni kamar na yi tusa a coci.

Wata Laraba da hantsi na shiga sayen burodi, na same ta zaune bayan kanta da ɗankwali a kai, kanti cike da mutane. Ba ta bari na gama gaisuwa ba.

“Gwarzuwa, ranar Lahadi bayan an taso daga coci. Turmi ɗaya, ni da ke, wadda ta fara kai shida ta ci.”

Na fara maganar gwiwa.

“Gwiwarki ta fi hanjina lafiya,” in ji ta. “Ranar Talata za su sake yanka ni, ban san me za su bar mini ba. Ko jira kike in mutu ki riƙa cewa da kin ci ni?”

Yarinyar da ke auna burodi ta tsaya da hannu a sama. Na ce to. Me zan ce? Kafin in isa gida da ledata labari ya riga ni, domin maƙwabciyata tana bakin ƙofa tana jira ta tambaye ni ko ina da imani.

Washegari da tsakar rana, lokacin da gari duk ya kwanta barcin rana ko kare ba ya ziyara, aka ƙwanƙwasa mini ƙofa. Osvaldo ne mijin Zulema, mai raba burodi a ƙaramar motarsu, mutumin da in ka ji ya yi jimla uku a jere to an yi gobara. Ya ƙi zama. Ya tsaya yana murza hula a hannu, ya ce likita ya yarda ta ɗan motsa jiki amma ban da gudu, zuciyarta ta sha wuyar magani. Ya ce ya yi ya yi ta janye, ta ce in ya ƙara magana zai kwana a mota. Sannan ya zo kan abin da ya kawo shi.

“Don Allah Nilda, ban da ajiya.”

Ajiya ita ce makamina, kuma ita kaɗai ce. Ba ni da ƙarfin bugu, ba ni da tsawo. Abin da na iya shi ne in tura mace can bayan layin ƙarshe, in bari ta saki jiki, sannan in shafa ƙwallo a hankali ta tsallake raga da ƙyar ta faɗi ta mutu a wurin. Sai mace ta kwaso da gudu tun daga can, ta zo ta tarar babu. Da wannan muguntar na ci abinci shekara goma sha ɗaya, 'yan matan da suka fi ni komai suna tsine mini da harsunansu daban-daban.

Osvaldo bai tsaya nan ba. Ya ce in bar ta ta ci, ta shiga ɗakin tiyata da abin farin ciki guda a ranta. Ya ce amma kada ta gane, domin in ta gane ni da shi mun kaɗe har abada, kuma na san halinta, ba ta yafe irin wannan.

Na amsa masa da saurin da ya kamata ya ba ni kunya. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama. In na faɗi da gangan, babu wanda zai taɓa sanin wadda ta fi, har ni kaina, ga lada kuma a sama. Bayan ya tafi na zauna ina jin kaina kamar waliyyiya. Na hango yadda za a riƙa raɗa a kantin kulob cewa Gwarzuwa ta sadaukar da sunanta saboda ƙawarta. Har na tsaya gaban madubi na gwada fuskar da zan yi in an ci ni, wadda ke nuna baƙin ciki a sama da girman zuciya a ƙasa. Ta fannin aikin kansa kuwa ban damu ba ko kaɗan. Na ce a raina, in dai faɗuwa ce, a duk lardin Entre Ríos wa ya kai ni ƙwarewa?

Ranar Lahadi aka yayyafa wa fili ruwa, garin bulon ya kwanta ya yi duhu yana ƙamshi. Mutane suka jeru a bayan wayar da ta kewaye fili da kujerunsu na naɗewa da fulas ɗin ruwan zafi, hayaƙin gashin nama yana tasowa daga bayan kanti. Zulema ta fito da tsohon siket ɗinta da ya yi mata yawa, ta kama shi da fil, ga farin ɗankwali ɗaure tam. Aka tafa mata irin tafin da ake yi wa yaro in ya fara tafiya. Na ga muƙamuƙinta ya motsa.

Mu ba mu da alƙali a kulob. Kowa shi ke hukunci a gefensa, ƙasa ce shaida, tunda duk inda ƙwallo ta sauka sai ta bar sawu. In kin ce ta fita, ki zagaye sawun da bakin raket kowa ya gani. In kuwa kika je kika duba kika goge shi da ƙafa, kin yarda ta shiga ke nan, maki na abokiyar karawa ne, kuma magana ta ƙare domin babu sauran abin dubawa.

Nan da nan na gano cewa a ci ka daban, ka faɗi da gangan daban. Sana'o'i biyu ne, ɗaya kawai na koya. Hannun da ya yi shekara hamsin yana neman cikin layi bai san hanyar waje ba. In na ce ya yi laushi sai ya yi laushi irin na rainin hankali, wanda ko makaho zai gane. Sai na yanke shawarar in riƙa bugawa da ƙarfi kamar da gaske, amma in zarce layin ƙarshe da ɗan yatsa biyu. Kuskure ne irin na mutunci, kowa na yin sa.

Na farko ya tafi daidai yadda na so, daga inda nake ina hango jar ƙasa tsakanin sawun da farin layi. Zulema ta taka a hankali ta je ta sunkuya ta duba. Sai ta sa ƙafa ta goge. Na ce a raina, wayyo, maganin har idonta ya taɓa, tausayinta ya ƙara kama ni. Na biyu na ƙara masa, ya fita da faɗin tafin hannu. Ta je ta duba ta goge. Na buga bugun farawa cikin raga sau biyu a jere, ta ɗaga hannu ta ce ba ta shirya ba, a sake. Na sake sa shi a raga, ta ce tsuntsu ya gifta mata, a sake. Da abin ya ishe ni na kwaɗa wata da ta tashi kamar za ta bar gari, ta sauka dab da waya, a gaban kujerar matar mai kemis. Zulema ta bi ta har can, tafiya mai nisa ga mai irin jikinta, ta tsaya ta ƙura wa sawun ido kamar mai karanta takardar magani, sannan ta goge shi da tafin takalmi. Wani ya fashe da dariya, matarsa ta zungure shi.

Haka na tsinci kaina da uku tana nema, alhali tun da aka fara ba abin da nake yi sai ƙoƙarin faɗuwa. Ban san ko an taɓa yin 'yar wasan da ta nemi a ci ta aka hana ta ba, amma in ana ba da kofi a kan wannan to nawa ne.

Muka zo canjin gefe muka zauna a benci guda, jakunkunanmu a tsakani. Numfashinta yana fita da ƙara, leɓɓanta sun yi fari. Ba ta kalle ni ba, waya take kallo, inda mijinta ya tsaya.

“Osvaldo ne ko?”

Na ce wane Osvaldo.

“Da hula a hannu ya zo miki, ya ƙi zama. Ni na aure shi, ba ke ba.” Ta kurɓi ruwa ta furzar. “Saurara ki ji, tsohuwar banza. A gidana yanzu ni ke cin kowa a karta. Matar ɗana da ba ta taɓa yarda da ni ko a kan gishirin miya ba, yanzu komai na ce sai ta ce haka ne Mama. Fadan cocinmu in ya gan ni sai ya rage murya kamar ya shigo gidan makoki. Na zauna na duba garin nan kaf, na ce wa ya rage wanda ba shi da kirkin da zai binne ni da raina? Ke kaɗai na samu. Ashe ke ma da furanninki na kai wa kabari kika zo.”

Ban taɓa jin yabo mai zafin wannan ba. Na ce mata likita ya hana ta gudu, na ce in ta faɗi fa?

“In na faɗi ƙasa ce, ba rami ba.”

Na ce to a soke ukun nan a faro daga farko, tunda ni da ita mun san na ƙarya ne.

“A'a, ki riƙe abinki. Sadaka ce na ba ki, ki ji yadda take a baki.” Ta miƙe tana dafa gwiwa. “Ko ki buga, ko ki ɗauki jakarki. In kika ɗauka kada in gan ki a asibiti, kada kuma ki zo jana'iza, zan bar sallahu a tsare ƙofa.”

Ta tafi gefenta ta bar ni zaune da sadakata. Gaskiya ta faɗa, ɗaci gare ta. Waliyyiyar da na kwana uku ina renonta ta mutu a bencin nan, ban ma samu damar yi mata addu'a ba.

Na koma na fara wasa da gaske, kuma a nan ne abin ya zama abin tsoro. Ƙafafun Zulema sun tafi, amma hannun yana nan. Duk ƙwallon da ta zo mata kusa sai ta dasa ƙafa ta zabga mata mari, in ji ƙarar nan da na sani tun ina yarinya, in juya in ga ƙura ta tashi a kan layi. Ba ta bar mini ko sawun da zan yi gardama a kai ba. Ta ci ɗaya, ta ci biyu. Da ta kai uku sai na koma 'yar shekara taran nan mai kitso biyu da ke hango babanta yana tattara jaka tun wasa bai ƙare ba. Mace ta fito daga gadon asibiti da rabin hanji tana neman ta ƙarasa abin da ta fara shekara hamsin da suka wuce, ni kuma har na fara tsara abin da zan ce game da gwiwata.

Sai na yi abin da sana'a ta koya mini. Na daina ba ta a hannu. Na tura ta dama, na tura ta hagu, na ɗaga mata sama ta ja da baya, na sake tura ta dama. Ba gudu ba ne sosai, amma tafiya ce marar hutu, kuma ina ganin yadda kowane maki ke cin ta. Bayan waya aka daina zuba mate. Wata ta yi tsaki da ƙarfi don in ji, na kuwa ji. Zulema kuwa duk lokacin da na matse ta a lungu ta kasa kaiwa, takan buga raket a tafin hannu sau ɗaya, yadda muke yi wa bugun da ya cancanta. Rabon da in ga fuskarta da launi haka tun kafin Paraná.

Muka kai ina da biyar tana da huɗu, saura maki ɗaya in gama. Muka yi doguwar musaya, na yi ta danna ta baya har ta kusa jingina da waya, bakinta a buɗe, kafaɗunta suna hawa da sauka. Ta maido wata gajera marar ƙarfi, ta zo mini daidai gwiwa. Gaban ragarta fili ne fetal, babu kowa. Ta gefen ido ina ganin Osvaldo ya zura yatsu cikin waya.

Zan so in ce na tsaya na auna, na tuna maganarta a benci, na yi abin da na yi saboda ƙauna. Akwai ƙaunar, ba na musu, ina son matar nan fiye da 'yan'uwan da muka fito ciki ɗaya. Amma ina kuma son in ci ta, so irin na yunwa, tun ina 'yar shekara tara. Ban san wanne ne ya riƙe raket ɗin ba. Na shafa ƙwallon.

Ban taɓa yin ajiya mai kyan wannan ba. Ba a Paris ba, ba a gaban masu ɗaukar hoto ba, sai a gaban mutum arba'in masu fulas, a kan mace mai jiran tiyata. Ƙwallon ta tsallake raga kamar mai satar hanya ta sauka ta lafe.

Zulema ta kwaso. Ban zaci za ta taso ba, na ɗauka za ta tsaya ta buga raket a tafi. Ta taho da ɗan siket ɗinta mai fil, ƙafafu kamar na ɗan maraƙin da aka haifa yau, amma takun na da ne, gajeru masu sauri, har ta jefa ƙafar dama ta yi zamiya ta miƙa hannu iyakar tsawonsa. Bakin raket ya taɓa ƙwallon. Ƙwallon ta tashi ta hau saman raga ta yi jim, sannan ta faɗa gefen Zulema. Ita kuma zamiyar ta ƙwace mata, ta kife a kan kafaɗa ta mirgina. Ɗankwalin ya fita. Kanta da babu gashi ko ɗaya ya kwashi jar ƙasa.

Osvaldo ya banko ƙofar waya. Daga kwance ta ɗaga raket sama, ya tsaya cak kamar an ja masa birki. Ni ina bakin raga. A ƙa'ida ba a tsallakawa gefen abokiyar karawa sai ta ba da izini, na fake da wannan, amma tsoro ne ya hana ni. Na ce shi ke nan, na kashe ta, na kashe ta saboda maki ɗaya a wasan ranar Lahadi. Tana kwance rigingine tana kallon sama, ƙirjinta yana rawa, sai da na leƙa sosai na gane dariya take.

“Muguwa,” ta ce da ɗan abin da ya rage mata na numfashi. “Allah wadaran halinki. Mai ciwon daji kika yi wa ajiya.”

Na ce ita ta nema.

“Saura ƙiris fa.”

Na ce saura ƙiris, kuma ba lallashi ba ne, duk wanda ke wurin ya gani. Ta tashi da kanta daki-daki, gwiwa ɗaya, raket a ƙasa, sannan ɗayar. Ta bar ɗankwalin inda yake. Ta zo raga ta kama hannuna ta sumbace ni a kumatu, ta shafa mini ja a fuska da riga. Babu wanda ya tafa mini. Matar mai kemis ta naɗe kujerarta tana kallona kamar ta kama ni ina dukan jariri, kuma na san daga ranar na rasa ɗaliba.

A kulob ɗinmu wanda aka ci shi ke share fili. Akwai wani tsohon buhu mai nauyi da aka ɗaura wa katako da igiya, ka rataya a kafaɗa ka ja, ka bi fili kaf ka shafe rami da sawu saboda masu shiga bayanka. Osvaldo ya yi wuf ya ɗauki igiyar, bawan Allah, don ya samu abin da zai yi da hannunsa.

“Ajiye,” in ji Zulema. “Wa aka ci?”

Ya dube ta, ya dube ni, ya saki. Ta ɗauka ta rataya a kafaɗar da ta faɗi a kanta, ta sunkuya gaba ta fara ja. Aikin da yaro ke gamawa yana fito, ita tana yin sa taku ɗaya bayan ɗaya, buhun yana binta yana shafe ƙasa. Ta kai ƙarshe ta juyo. Ta tsaya ta huta, ta ci gaba. Mutane suka yi cirko-cirko a bayan waya, babu mai iya tafiya, babu mai iya shiga. Osvaldo ya juya baya yana ta gyara wata ƙusa a jikin ƙofa da babu abin da ya same ta.

Ni na koma benci na zauna a kan hannuwana don kada su ci amanata. Duk jikina so yake in tashi in karɓi igiyar nan, kuma na san in na taɓa ta na rushe duk abin da muka yi tun safe. Na ci Zulema Kranevitter karon farko a rayuwata, ga ni zaune hawaye na zuba a kan rigar da ta ɓata da jar ƙasa, ina tsoron ranar Talata kamar ni za a yanka.

Ta iso daidai raga ta tsaya tana haki, ba ta ko juyo ba.

“Gwarzuwa, in kuka za ki yi matso nan kusa da layi, wajen ya bushe.”

Ta gyara igiyar a kafaɗa ta zagaya ta bayan sandar raga. Saura rabin fili.